Gejin man Corolla ta ya rikice, daga tanki ne ko daga dashbod?

Baban Amira:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sanin harkar mota ku bani shawara kafin in je in sake zubar da kuɗi a banza.

Motata Corolla ce 2004 irin ta Amurka mai tankin lita 50, shekara huɗu kenan tana hannuna kuma tsakani da Allah bata taɓa wahalar dani ba sai wannan abu na gejin mai da ya taso tun bayan babbar sallah. In na sha mai ya haura rabi lafiya lau, allurar tana zama inda ya kamata tana sauka a hankali yadda kowa ya sani. To da zarar man ya sauko wajen kwata sai ta fara abin nata, ina cikin tafiya sai inga tana sulalewa ƙasa har ta kwanta a kan E fitilar rizaf ta kawo, in na faɗa rami ko na shiga gargada sai ta sake tasowa ta koma inda take kamar ba ita ba. Wata rana da safe in tada mota ta nuna kwata, in kai yara makaranta kafin in dawo ta nuna babu ko ɗigo, in kashe in sake kunnawa ta dawo kwata.

Da farko ban ɗauki abin da zafi ba tunda ƙasa take nunawa, iyakaci dai in tsaya in ƙara mai. Abinda ya ɗaga min hankali satin da ya wuce ne muna dawowa daga Zariya da iyali, mun wuce Tashar Yari allura na kan kwata cif ko motsi bata yi, nace a raina wannan zai kaimu Kano har da saura, wallahi bamu ƙarasa Kwanar Dangora ba mota ta fara fizga tana ɗaukewa ta mutu a gefen titi, ana kiran magariba ga mace ga yara uku ƙanana ga manyan motoci suna wucewa ta jikinmu, sai da na hau mashin na nemo na bumburutu a galan. Har lokacin da nake zuba man allurar tana nan kan kwata.

Na kai wa bakanikena yace fiyel famfo za'a canja gaba ɗaya da gidansa, wani riwaya da yake gefensa kuma ko leƙa motar bai yi ba yace dashbod ne ya mutu in je Ƙofar Ruwa in nemo na Beljiyam. Su biyun babu wanda ya buɗe wani abu ko ya gwada wani abu. Abinda zan ƙara ko zai taimaka, wata takwas da suka wuce an canja min famfon, amma ɗan injin kaɗai aka sa a cikin tsohon gidan. Gejin zafi da na gudu lafiyarsu ƙalau, cek injin bai kawo ba. Sannan gaskiya tunda mai yayi tsada na daina cika tanki, na dubu goma ko sha biyar nake sha in lallaɓa.

Wanne zan fara taɓawa dan Allah? Ba kuɗin ne kaɗai damuwata ba, bana so in sake tsayar da iyalina a hanya da dare.

Riwaya Fanteka:

Wa alaikumus salam Baban Amira, sannu da wannan wahala, Allah ya tsare gaba. Kada ka sayi komai tukuna, ko famfo ko dashbod. Na haura shekara ashirin ina aikin waya a Kaduna kuma babu abinda yake ɓata min rai a sana'ar nan tamu kamar aikin canki-canka, mutum bai ɗora mitar gwajin wuta ba yace je ka sayo kaza, in bai yi ba yace to ashe kaza ne, kuɗin mai mota kuma sun tafi.

Bari in fara gaya maka yadda abin yake aiki don ka gane dalilin maganata. Kasan ƙwallon nan da ake sawa a tankin ruwa na sama wanda yake rufe ruwa in ya cika? To ɗan'uwansa ne a cikin tankin motarka, muna ce masa fulot, wata 'yar baƙar roba ce marar nauyi a bakin siririn ƙarfe, in mai ya ƙaru ta taso in ya ragu ta sauka. Ɗaya bakin ƙarfen yana ɗauke da wani ɗan harshe da yake gogar wani ɗan farin kati mai layi-layi kamar haƙoran mataji, inda harshen ya tsaya a jikin katin shi yake gayawa dashbod yawan man da ya rage. A irin motarka in tanki ya cika mita zata nuna kamar ohm 4 (ohm shi ne ma'aunin yadda abu yake tare wuta), in ya ƙare kuma ɗari da 'yan kai, wajen 110 haka. Riƙe wannan da kyau, ƙaramar lamba mai da yawa, babbar lamba babu mai. To duk abinda ya yanke hanyar wutar ko ya raunana ta, ko waya ta tsinke ko soket yayi tsatsa ko nagatif bai kama bodi sosai ba ko harshen ya hau inda katin ya cinye, lambar sama take yi, allura kuma ƙasa zata yi. Bata yin sama.

Shi yasa nake ganin ciwo biyu ne a motarka ba ɗaya ba. Faɗuwar da take yi zuwa E in mai ya kai kwata ta dawo in ka faɗa rami, wannan katin ne ya cinye a daidai wurin, kuma kai da kanka ka faɗi dalili, kullum manka tsakanin kwata da rizaf yake wasa, harshen nan kullum a wuri ɗaya yake gurza, duk motsin da man yayi a tanki gurza ce, safe da yamma, har layukan su shafe. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 irin wannan aikin ya yawaita a wurina, kuma kusan duk wanda na ciro ta ƙasa yake cinyewa, saman katin yana nan sabo fil saboda ba'a kaiwa can.

Amma abinda ya same ka a hanyar Zariya daban ne. A irin motarka cinyayyen kati baya nuna maka mai alhali babu. Allura ta tsaya kan kwata tanki kuma ya bushe, to wani abu ne ya riƙe fulot ɗin ya hana shi sauka, ko kuma ƙarfensa ya lanƙwashe. Kuma ni inda nake zargi wurin canjin famfon nan ne, ruwa baya tsami banza. Bakin tankin ƙarami ne, in za'a fito da gidan famfo sai an karkata shi a hankali fulot ya fito daga ƙarshe, wasu yaran gareji fizgowa suke yi ƙarfen ya tanƙware, wasu kuma in sabon injin bai zo da soket iri ɗaya ba sai su yanke su haɗa waya su bar ta da tsawo tana lilo a ciki, ita ce take harɗe fulot.

Dashbod kuwa ban cika zarginsa ba, wanda ya lalace baya jiran sai mai ya sauko kwata sannan ya fara, kuma sauran alluran suna aiki. Amma a gwada shi, gwajin ba kuɗi. Ka ɗaga kujerar baya zaka ga wani ɗan murfi, a ƙarƙashinsa kan famfon yake da soket ɗinsa, ba sai an sauke tanki ba. Wayoyi masu kauri na famfo ne, sirara biyun su ne na geji. A cire soket a kunna ki, allura ta kwanta E. Sai a haɗa siraran biyun na ɗan lokaci, ta tashi ta nufi F. In tayi haka dashbod da wayarsa sun fita daga zargi. Ka duba bakin soket ɗin ma da kyau, in kaga kore-kore ko baƙin ƙuna ko roba ta narke ka faɗa min.

Daga nan sai a ciro gidan famfon a ɗora mita a kan ohm, ana ɗaga fulot da hannu a hankali daga ƙasa zuwa sama ana kallon lamba. Lafiyayye lambar a jere take sauka babu tsalle. In an zo wani wuri mita ta ɗauke ko lamba ta haukace, ka kama ɓarawon. Ni nafi son tsohuwar mita mai allura a wannan aikin don ita ko ƙiftawa akayi zaka gani. Kuma in shi ne, fulot da katinsa ana sayar dasu su kaɗai, maƙale suke a gefen gidan famfo, babu dalilin da zai sa ka sayi famfo sabo tunda naka yana aiki.

Dan girman Allah kafin a buɗe tanki a zare fiyus ko rile na famfo a tada mota har ta mutu da kanta don ƙarfin man da yake cikin tiyo ya sauka, a cire nagatif na batir, a buɗe ƙofofi huɗun a fili inda iska take, ba mai taba ba mai walda a kusa ba fitila mai zafi. Tankin da babu mai sosai ba wai yafi aminci bane, tururin ne yake kamawa. Na san yaron da hannunsa ya ƙone a irin wannan aikin saboda janareta a gefe.

Direban Kano-Jos:

slm, baban amira sannu Allah ya kiyaye gaba, wannan wurin da ka tsaya ba wurin tsayawa bane da dare. Maganar oga riwaya gaskiya ce amma bari in kara maka daya da ya faru dani, ka sa a leka karkashin motar a duba cikin tankin ko ya lotsa. Ina jan wata tsohuwar hayis lokacin damina na daki dutse a wata hanyar kauye ban ma san ya taba tanki ba tunda bai yoyo ba, ashe gindin tankin ya shige ciki ya zama tudu, fulot in ya sauko sai ya zauna akan tudun, allura bata taba kaiwa E sai ta tsaya sama da shi kadan, sau biyu ina tsayawa da fasinja akan hawan nan na kusa da jos kafin wani dattijo mai gyaran tanki ya gano, mun canja fulot har biyu a banza.

Sannan kafin ka gyara ka daina kallon allurar gaba daya kayi abinda mu direbobin haya muke yi, ka daure ka cika tanki sau daya har famfon gidan mai ya tsaya da kansa sai ka danna dan madannin tirip, wato mai kirga kilomitar tafiya a dashbod, ya koma sifiri, kayi tafiyarka kamar kilomita dari biyu ka koma ka sake cikawa ka ga lita nawa ta sha, daga nan ka san cin motarka, kullum ka sha mai ka rubuta lita ka mayar da tirip sifiri. Ni motar da nake ja yanzu gejinta lafiya lau amma har yau da tirip nake aiki. Kuma kada kace zaka rika yawo da jarkar mai a but saboda tsoro, da yara a mota da zafin nan namu bai dace ba.

In kun ciro katin kuma kafin ka sayi wani kasa a dan goga masa sanfefa mai laushi, nawa haka akayi ya dan kwana biyu yana aiki

Injiniya M.:

Oga Riwaya ya gama magana a kan gano ciwon, musamman raba shi biyu da yayi, ni ma haka na karanta. Wurare kaɗan zan ɗan gyara.

Maigida direba ka yi haƙuri, sanfefa kada ta taɓa katin nan. Layukan da ke jikinsa shafe ne siriri ƙwarai aka yi a kan farin katin, in ka goga sanfefa datti zai fita amma har da ragowar shafen, shi yasa naka kwana biyu kawai yayi. In baƙin datti ne ya rufe layukan, robar goge fensir ta isa, a hankali, sai a wanke da feshin wanke soket. In kuwa layukan sun shafe har kana ganin farin ƙasan, babu gugar da zata dawo dasu. Shi baƙin dattin ma yana da asali, sinadarin salfa da ke cikin wani man yana cin azurfar da ke jikin layukan da harshen. A 2004 an yi haka a Amurka a jihohin Florida da Louisiana, aka sayar da mai mai salfa da yawa, gejin motoci masu ɗimbin yawa ya lalace cikin 'yan kwanaki, mutane suna tsayawa a titi allura tana nuna da mai. Don haka wanda ya saba shan man da bai san asalinsa ba ya sa wannan a lissafi.

Na biyu, haɗa wayoyi biyun nan kai tsaye. A wannan Corolla ɗin in an taɓa na ɗan lokaci ba laifi, amma ni bana so ya zama al'ada don wani zai karanta ya je ya yi a motar da ba haka take ba, ko ya kuskure ya haɗa da wayar wutar famfo ya ƙona dashbod ɗin da lafiyarsa ƙalau. Abinda ya fi, ka je wurin masu gyaran rediyo ka karɓi rizisto uku, wato 'yan ƙananan abubuwan nan masu rage ƙarfin wuta, na ohm 10 da na 47 da na 100, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Ka sa na 10 a madadin fulot allura ta je kusa da F, na 100 kusa da E, na 47 ta tsaya wani wuri a tsakani ta zauna daram. Yayin da yake ciki sai wani ya riƙa girgiza wayoyin daga kujerar baya har inda hannu ya kai, in allura ta motsa to akwai waya mai ciwo a hanya. Kuma ka yi haƙuri da allurar, motocin zamanin nan an yi su ne da gangan su riƙa jinkirta ta saboda kada tangaɗin mai a kwana ko birki ya riƙa kaɗa ta, in ka canja rizisto ka kashe ki ka sake kunnawa ko ka jira, kada ka ga bata tashi nan take ba kace ta mutu. Wannan jinkirin ne ma yasa kake ganin tana sulalewa a hankali maimakon ta faɗi lokaci ɗaya.

Na uku kuma shi ne inda mutane suka fi asara, wurin sayen fulot. Ba duka ne lambarsu ɗaya ba ko da soket ya shiga. Toyota da Honda na da can suna wasa ne tsakanin ohm kaɗan da ɗari da goma, amma Toyota na baya-bayan nan suna kaiwa ɗari huɗu da wani abu in tanki ya ƙare, tsofaffin motocin kamfanin GM na Amurka kuma a juye suke, sifiri babu mai 90 cike. In aka ba ka na wata motar allura zata yi aiki amma ƙarya zata riƙa yi maka kullum. Ka tafi kasuwa da tsohon naka da mita, ka gwada na Beljiyam ɗin a gaban mai shago daga ƙasa har sama kafin ka biya, don shi ma tsoho ne wata motar ta gama gurzarsa.

Maganar cek injin, wasu motocin suna ajiye lambar matsala wadda ake gani in aka sa musu kwamfuta, daga P0460 zuwa P0464 duk na gejin mai ne, ta ƙarshen ita ce ta mai ɗaukewa yana dawowa. Amma ba kowace mota take yi ba, rashin kawowarsa bai wanke fulot ba.

Maman Sadiq:

Sannu Baban Amira, Allah ya tsare mana iyali. Ni tawa Honda ce kuma nata salon daban ne amma bari in faɗa ko wani zai amfana. Ko na cika tanki har yana tumbatsa allurar bata kaiwa F, kuma da dare in na kunna fitila ko na taka birki sai inga ta ɗan ƙara yin ƙasa. An ce min fulot ne har na ba da kuɗi, Allah ya taimake ni ƙanina ya hana, ya kai ta wurin wani riwaya ya bi waya ya samu inda nagatif ɗin baya yake ɗaure a jikin bodi yayi tsatsa, wurin da aka taɓa yin gyaran bodi aka yi fenti a kai. Kankarewa kawai yayi ya ɗaure da sabon noti shikenan.

Abinda yasa na yi magana ma dai shi ne, in an buɗe tankin nan dan Allah ka tsaya a kansu su sa robar bakin da kyau, in ta tsufa a canja. Lokacin da aka taɓa buɗe nawa robar ta karkace basu lura ba, sati guda muna shaƙar warin fetur yarana a kujerar baya suna ciwon kai, na ɗauka daga but ne, sai ranar da na cika tanki naga jiƙa a ƙarƙashin kujera. A kan wurin nan fa yara suke zama.

Baban Amira:

Jama'a na dawo, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, wallahi kun fitar dani. Jiya Asabar na samu wani riwaya daban na karanta masa abinda Oga da Injiniya suka rubuta, mutumin kirki ne bai ji haushi ba yace haka ya kamata a yi.

Mun fara da rizisto kamar yadda Injiniya yace, na 10 ta hau kusa da F, na 100 ta sauko, na 47 ta zauna a tsakiya muka yi ta jijjiga waya bata ko motsa ba, dashbod dai lafiyarsa ƙalau ashe da na sayo wani da na yi asara. Soket ɗin ma fes yake babu ƙuna. Mun leƙa ƙasa maigida direba, tankin bai lotsa ba.

Da aka ciro gidan famfon kuwa Oga kamar kana wurin. Wanda ya canja min injin famfo ya yanke wayoyin ya murɗa su da na sabon ya naɗe da baƙin tef, man ya jiƙa tef ɗin ya saki yana reto, wayar kuma ya bar ta da tsawo ta yi lanƙwasa ta fito ta gefen da ƙarfen fulot yake bi. Da muka tsayar da gidan a tsaye muka saki fulot, wani lokaci ya wuce wani lokaci ya rataye a jikin wayar bai kai ƙasa ba, kuma inda yake ratayewar in ka duba mita lambar wajen kwata ce. Na daɗe ina kallon wayar nan da aka murɗa tsirara a cikin fetur, wata takwas ina ɗaukar yara a kai. Ragowar tef ɗin kuma mun same shi manne a jikin rariyar famfo.

Katin ma mun gwada, daga sama lamba tana tafiya a jere lafiya, ana zuwa ƙasa-ƙasa sai mita ta ɗauke gaba ɗaya sai an ɗan wuce wurin ta dawo, da ido ma kana ganin layuka huɗu ko biyar sun shafe sun yi fari. Mun gwada robar fensir bata yi komai ba. Na shiga Ƙofar Ruwa da tsohon da mita, na farko da aka bani shi ma yana ɗaukewa a ƙasa na mayar, na biyu ya tafi sumul daga 4 da ɗigo har ɗari da bakwai, shi na ɗauka. An gyara wayar famfon da soket ɗinta na asali an gajarta ta, an wanke rariya, robar baki kuma Maman Sadiq sabuwa na saya na tsaya har aka ɗaure.

Tambaya ɗaya ta rage min Oga, tunda motar ta taɓa shanye mai ƙaf har ta mutu, famfon bai samu matsala ba? Yanzu dai tana tashi bugu ɗaya kuma bana jin wani kuka.

Riwaya Fanteka:

Alhamdulillah, naji daɗi ƙwarai Baban Amira. Wannan tef ɗin shi yafi tayar min da hankali fiye da gejin, tef ɗin waya ba'a yi shi don zama cikin fetur ba, duk wanda aka taɓa canja masa injin famfo kaɗai ya kamata ya tambaya yadda aka haɗa wayar.

Famfo kuwa man da yake bi ta cikinsa shi yake sanyaya shi, tsayawa ɗaya ba lallai ta kashe shi ba in ba'a yi ta murza ki babu mai ba. Ka riƙa saurarensa da safe, in ka kunna ki ko kana tayarwa zaka ji ɗan zuuu daga baya, in ya koma kuka mai ƙarfi ko mota ta fara jinkirin tashi ko tana shaƙewa a hawa sai a ɗora masa gejin furesha mai auna ƙarfin mai a gani.

Saura abu ɗaya kafin ka yarda da sabon fulot ɗin ka hau babbar hanya. Ka bari man ya sauka a cikin gari kusa da gidan mai har fitilar rizaf ta kawo da kanta, ka tabbatar allura ta wuce kwata ta gangara ba tare da ta tsaya ba, sai ka sha lita goma ka kashe ka kunna ka ga inda ta tsaya, ka ƙara goma ka sake gani, in hali yayi ka cika sau ɗaya ka ga ta kai F, a ranar kuma ka ɗaga kujerar baya ka shinshina ka shafa bakin murfin ko da jiƙa. Ka riƙe tirip ɗin da direba ya koya maka har tanki biyu ko uku kana gwada shi da allurar.